Bashin da ban ci ba, ni zan biya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai sayar da hatsi ne a Dawanau, shekara goma sha shida ke nan. Wallahi hankalina a tashe yake. A majalisarmu kullum musu ake, wasu su ce marigayi Buhari ne ya tsoma ƙasar nan cikin bashi, wasu su ce Tinubu ya fi shi. Ga kuma sabuwar dokar haraji, ana ta cewa duk kuɗin da ya shiga asusunka sai an yanka, har na fara kwashe nawa ina ajiyewa a gida. Akwai wani da nake saurara a TikTok, ya ce tunda Babban Banki ke buga naira, a buga a biya bashin kawai a ƙyale talaka. Ni dai maganar ta shige ni. Wa ya ci bashin nan, kuma ina adalci a ce ni zan biya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya kwantar da hankali. Kafin mu je kan Buhari da Tinubu, ka fara mayar da kuɗin nan banki. Dokokin da aka sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, masu fara aiki daga 1 ga Janairun 2026, ba su ɗora haraji a kan kuɗin da ke kwance a asusu ba. Riba ake bi. In ka sayi masara ta miliyan 10 ka sayar miliyan 11, a kan miliyan ɗayan nan ne hukuma ke da ta cewa, shi ma bayan an cire kuɗin mota da dako da hayar sito. Naira 800,000 na farko a shekara babu ko kwabo a kansu. Wanda ribarsa ta shekara ta kai miliyan 3, kashi 15 cikin ɗari na miliyan 2.2 da suka rage zai biya, wato 330,000. Abin da kake gani ana cira kai tsaye shi ne naira 50 ɗin nan ta tura kuɗin da ya kai 10,000, ita kuwa ta daɗe. Kuɗi a ƙarƙashin katifa, ga ɓarawo ga gobara.

Musun majalisarku ba zai ƙare ba, don laifi tudu ne, kowa ya taka nasa yana hango na wani. A 2005 gwamnatin Obasanjo ta daidaita da ƙasashen Paris Club masu bin mu bashi, aka yafe dala biliyan 18, muka biya 12.4, bashin waje ya dawo wajen biliyan 3.5. Daga nan mai ya yi tsada, ganga ta shekara uku tana sama da dala 100 a zamanin Jonathan, amma asusun rarar mai da ya taɓa kaiwa kusan dala biliyan 20 ya sirance zuwa kimanin 2 a 2015. Gwamnoni na kowace jam'iyya har Kotun Ƙoli suka je don a raba. A Yunin 2015 jimillar bashin tarayya da jihohi naira tiriliyan 12.1 ne, a ƙarshen 2022 ya kai 46.25, ban da wani tiriliyan 22.7 da zan dawo kansa. A Yunin 2023 alƙaluman ofishin kula da basussuka, DMO, sun nuna tiriliyan 87.4 har da wancan 22.7 ɗin, a ƙarshen 2024 kuma 144.7.

Mai son Buhari sai ya ɗauko na naira ya ce kun gani. Mai son Tinubu sai ya ɗauko na dala, ya ce ai daga biliyan 113 ya sauko 94. Duk su biyun gaskiya suka faɗa, kuma duk sun ɓoye rabi. Da aka saki naira a Yunin 2023, aka bar kasuwa ta yanke mata farashi, darajarta ta faɗi, tsohon bashin dala ya kumbura a lissafin naira ba tare da an ranto sabo ba, shi kuma bashin cikin gida ya motse a lissafin dala ba tare da an biya ba. Gwamnati mai ci ita ta saki nairar, kuma ba ta daina rance ba, a Disambar 2024 kaɗai ta karɓo dala biliyan 2.2 a kasuwar duniya. Zancen Chaina za ta ƙwace ƙasa ma ka ajiye shi, abin da take bin mu wajen dala biliyan 5 ne, Bankin Duniya ya fi ta bin mu nesa ba kusa ba.

Amma ba wannan ne ya sa na zauna rubuta maka amsa mai tsawo ba. Mutumin nan naka na TikTok ne. Shekara da shekaru ina aikin haraji, kuma da wuya rana ta faɗi ban ji wannan magana ta "a buga a biya" ba, daga direba, daga mai digiri, har wani tsohon kansila ya taɓa faɗa mini ita yana buga tebur. Na gaji da ita, kuma ta fi duk sauran ji-ta-ji-ta haɗari, domin tana shigowa da rigar tausayin talaka.

Ka ɗauki mai tallar nono. Ƙwaryarta rabi ce, masu saye sun yi yawa, sai ta tuttula ruwa ta cika ta. Ludayi ya ƙaru, kowa ya samu, amma saniya ba ta ƙara ko ɗigo ba. Wanda ya biya kuɗin ludayi biyu, nonon ludayi ɗaya ya sha. Buga kuɗi ke nan. Buhunan da ke Dawanau ba za su ƙaru don an ƙara takardu ba, takardun ne za su yi yawa a kan buhu ɗaya. Kai da ka san algus ba sai na ja maka ba.

Sannan wane bashin za a biya da su? Na waje da dala ake biya, injin Babban Banki kuwa ba ya buga dala. In ka buga naira ka shiga kasuwa neman dala, kai da kanka ka ƙara mata kuɗi, bashin ya ƙara nauyi. Na cikin gida kuma, ka san wa ke bin gwamnati? Ban da bankuna, kuɗin fanshon ma'aikata ne, fiye da rabinsu a takardun bashin gwamnatin tarayya aka zuba su. Biyan su da nairar da aka tsinka da ruwa daidai yake da a ce wa tsohon ɗan sanda ko tsohuwar nas, ga kuɗinku cif-cif, amma abin da za su saya muku ya koma kashi ɗaya bisa uku.

Masu irin wannan bayani suna magana kamar wata dabara ce da ba a taɓa gwadawa ba. Wasu abokan aikina kan kawo misalin Zimbabuwe da takardarta ta dala tiriliyan 100. Ni ba na zuwa da nisa haka, domin mu ma mun yi. Sashe na 38 na dokar Babban Banki ta 2007 ya yarda gwamnati ta ɗan ja kuɗi daga bankin in ta matsu, kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar bara, kuma a mayar kafin shekara ta ƙare. A 2015 abin da aka ja ta wannan hanya bai kai tiriliyan ɗaya ba. Zuwa ƙarshen 2022, Godwin Emefiele na gwamnan banki, ya kai tiriliyan 22.7 ɗin da na ambata. Babu wanda ya tara waɗannan kuɗi ya ba gwamnati aro, ƙirƙirar su aka yi. Majalisa tana zaune, ministoci suna zaune, kowa yana da kwafin dokar a ofis, babu wanda ya ce uffan sai da aski ya zo gaban goshi.

To, an ƙyale talaka? Kai ne shaida. Buhun shinkafar da bai kai 10,000 ba a farkon 2015 ya haura 80,000 a 2024. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Ban ce buga kuɗi kaɗai ya jawo ba. Rufe iyakoki a 2019 yana ciki, 'yan bindiga da suka kori manoma daga gonaki a Zamfara da Katsina suna ciki, cire tallafin mai a Mayun 2023 yana ciki. Amma faɗuwar nairar da kowa ke kuka da ita ba daga sama ta faɗo ba, shekara takwas ana ƙara wa ƙwaryar ruwa ana rufe ta da faifai.

Akwai wani tsohon malamin firamare a unguwarmu. A 2019 aka biya shi haƙƙinsa na barin aiki. Ya ware miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu ya ce na Makka ne, kujera a lokacin wajen miliyan ɗaya da rabi take, saura kaɗan ya cika. Korona ta zo, aka rufe hanya, aurar da 'ya ya taso, ya ce bari baɗi. Bai taɓa ko sisi a kuɗin ba. A 2025 kujera ta haura miliyan 8. Ya zo wurina da takardar banki a ninke cikin aljihun 'yar-shara, yana nuna mini lambobin da yatsa, wai Malam duba, ba a cire komai ba. Gaskiyarsa, ba a cire ba. Da wani jami'in haraji ya zo ƙofar gidansa ya ce kawo kashi 80 cikin ɗari na ajiyarka, da unguwa ta taru a kansa. An karɓa ɗin, babu rasit, babu wanda za a kama.

Wannan shi ne harajin da mutuminka yake roƙa a ƙara maka. Kuma shi ba ya faɗa wa kowa daidai. Mai filaye da gidaje, kadararsa tashi take da farashi. Mai dala a ajiye barci yake da minshari. Wanda ya samu dala a farashin gwamnati wajen 460, ya tsallaka Wapa wurin 'yan canji ya sayar sama da 700, shi kam kakarsa ce ta yanke saƙa. Kai ma, Alhaji, kada ka ji haushina, hatsin da ke sitonka ya ɗan kare ka, ko da yake na san sau nawa ka sayar da buhu ɗari kuɗin suka kasa sayo maka ɗari. Wanda babu abin da ya kare shi shi ne yaron da ke ɗaukar maka buhu a ka, da mai albashi, da bazawarar da ke zubin adashi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin takaicin ma, bashin bai tafi ba. A Mayun 2023 majalisa ta amince a mayar da tiriliyan 22.7 ɗin nan takardar bashi ta shekara 40 a kan ruwan kashi 9 cikin ɗari. Ka buga lissafi, wajen tiriliyan 2 ke nan duk shekara na ruwa kaɗai. An biya sau ɗaya a bakin kwanon awo, yanzu za a sake biya daga baitulmali, har jikokinka. Duk wanda ya sake ce maka a buga a biya, ka tambaye shi ina wanda aka buga.

Kan adalci kuwa, kukanka yana kan hanya, sai dai ka kai shi inda ya dace. A 2021 harajin da aka tara bai kai kashi 11 cikin ɗari na arzikin ƙasa ba, a 2022 kuma Bankin Duniya ya ce kashi 96 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya a hidimar bashi suka tafi. Wani zai biya ko ana so ko ba a so, rigimar ita ce wa. Ma'aikaci tun kafin albashi ya iso hannunsa an yanke. Mai gidajen haya goma a Abuja sai in ya ga dama. Motar hatsinka daga Kano zuwa Legas, ka fi ni sanin yawan igiyoyin da za a gitta mata da rasit-rasit ɗin da ba su taɓa ganin asusun gwamnati ba. Da gwamnonin Arewa suka taru a Kaduna a Oktoban 2024 suka ƙi ƙudurin haraji, a kan yadda za a raba kuɗin VAT, harajin da ake ɗorawa a kan kayan saye, tsakanin jihohi suka ta da jijiyar wuya. An daidaita, an bar shi a kashi 7.5, rabon jihohi ya ƙaru daga kashi 50 zuwa 55. Ban ji an yi irin wannan taro a kan igiyoyin hanya ba. Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Kano a 1979 saboda kai ake ƙirgawa, mai shi da marar shi kuɗi ɗaya. Tsadar da buga kuɗi ke haifarwa ta fi wannan zalunci, amma yau ita ake tallata wa jikokin 'yan santsi, mutanen Rimi, da sunan ceto.

Abin da zai fisshe ka shi ne littafi. Ka sayi babban littafin ciniki, ko ka sa yaronka ya riƙa shigarwa a waya: ranar saye, buhu nawa, nawa, kuɗin mota, dako, ranar sayarwa. Ka raba asusun kasuwa da na gida, kuɗin amanar da mutanen ƙauye ke turo maka ka saya musu kaya ka rubuta su daban da sunan masu su. Wanda ba shi da rubutu, ƙiyasi ake yi masa, mai ƙiyasi kuwa kuɗin da suka shiga yake gani, bai san na wa ba ne. Duk wanda ya zo karɓar kuɗi da sunan hukuma, ka ce ya ba ka takardar da za ka biya a banki cikin asusun gwamnati. In ya ce a hannu yake so, ka kira shugaban layinku ya zo ya tsaya a gabansa ya maimaita.