Tambayi Bakanike: Tunda Na Sa Faffaɗan Tayoyi Motata Ke Rawa A Kan Titi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Oga, barka da ƙoƙari Allah ya ƙara basira. Dan Allah wata matsala ce ta ishe ni. Motata Corolla ce ƙirar 2005, lafiya ƙalau nake hawanta sai kwanakin baya na cire wilin da ta zo da shi mai lamba 15 na sa mata na gayu mai lamba 17 da faffaɗan tayoyi 215/45, ƴan Beljiyam ne amma zanensu da saura sosai. A cikin gari ba komai wallahi, daga Tumfure har Jekadafari ko motsi bata yi, amma ina hawa hanyar Bauchi allura na taɓa 90 sai sitiyari ya fara karkarwa, a 100 kam ko madubi bana iya ganin komai a ciki, in na wuce 115 sai ta ɗan lafa. An yi balansin an sake yi, an yi alaimen, an canja tayarod, yanzu kuma bakanikena yace sai na sayi shokozoba. Kuɗi sai tafiya suke. Menene mafita? Naka, wani ɗan Tumfure, Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina. Riƙe kuɗinka tukuna, kar ka sayi shokozoban nan. Ai kai da bakinka ka faɗi inda ciwon yake, mota tana lafiya aka canja mata wili da taya sai ta fara rawa, to me ya kai mu wajen tayarod? Abin da ke ɓata min rai da wasu ƴan uwanmu a gareji kenan, ba a gano cuta ba an fara sayen magani, mai mota kuma shi ke biya.

In tsofaffin wilin naka suna nan baka sayar ba, ka mayar da su duka huɗun ka hau hanyar da ka saba jin rawar. In ka sayar, ari na abokinka mai irin motar na yini ɗaya. Rawar ta ɓace? Toh shikenan ƙafafun motarka lafiyarsu lau, laifin yana jikin sabon wilin ko tayar ko yadda aka ɗaura su. Wannan gwajin ko sisi ba zai ci maka ba sai ɗan abin da zaka ba mai faci.

Dalilin da yasa a gari baka jin komai shine gudu. Tayar nan taka zagayenta kusan mita 2 ne, a gudun kilomita 100 tana juyawa wajen sau 14 a daƙiƙa ɗaya. Nauyin giram 30 kacal in ya karkata gefe guda a bakin wili, a wannan gudun fizgar da zai riƙa yi ma ƙafar ta kai ta kilo 5, kuma duk juyi ɗaya sai ya fizga. In ka ninka gudu fizgar sau huɗu take ninkuwa. Tsakanin 90 da 110 ɗin nan kuma nan ne juyin taya ke haɗuwa da yadda ƙafar mota ke tsalle a kan sifirin ɗinta, sai abin ya yi ƙarfi, in ka wuce wurin sai ya ɗan lafa amma fa ba warkewa ta yi ba. Kuma dan Allah ka daina kaiwa 115 ɗin nan don neman sauƙi, dokar hanya 80 ta ba ƙaramar mota a babban titi, 100 a tagwayen hanya, ga ramuka ga shanu ga tireloli tsakanin Gombe da Alkaleri.

Yanzu ga wanda na fi zargi, kuma shi ne mutane basu cika dubawa ba. A tsakiyar kowane wili akwai rami, a jikin motar kuma akwai ɗan tudun ƙarfe na hob da ramin ke zama a kai. Na Corolla ɗinka faɗinsa milimita 54.1 ne, wilin kamfani kuma an yanka shi daidai da haka, shi yasa kana tura shi yake zama cif a tsakiya tun kafin ka sa noti. Su kuma wilin gayu da ake sayarwa a kasuwa ana yinsu ne don su shiga motoci iri iri, saboda haka ramin nasu babba ne, da yawansu 73.1 ne ko 67.1. Kaga kenan wilin naka ba a kan hob yake zaune ba, a jikin ƙusoshi yake rataye, mai faci ya ɗaure noti na farko da ƙarfi sai wilin ya kauce daga tsakiya da ɗan abin da bai kai milimita ɗaya ba, wannan ɗan kaucewar kuma ta isa. Kamar fankar sama ce da aka rataya a karkace, a lamba 1 shiru, kana kai ta 5 sai ta kama girgiza ɗaki. Shi yasa balansin bai yi maka komai ba ko za a yi sau nawa, don a jikin injin balansin wilin a tsakiya yake zama, injin ya nuna sifili sifili kowa ya yi murna, a dawo kan mota ya koma karkace.

Ka duba da idonka. A ɗaga motar a jak, a cire murfin tsakiyar wilin, ka leƙa da tocilan. In ka ga fili tsakanin tudun hob da bakin ramin har ɗan yatsa ko bakin sukudireba na shiga, to ka kama ɓarawon. Maganinsa zobe ne ɗan ƙarami na roba mai tauri ko alminiyam, cikinsa 54.1 wajensa kuma daidai ramin wilinka, guda huɗu. A auna ramin da ma'auni, kar a yi kintace. In ba a samu a Gombe ba ana iya aikowa daga Ƙofar Ruwa a Kano, ko mai injin yankan ƙarfe ya fitar maka da shi in dai hannunsa na da kyau.

Sai noti. Galibin wilin gayu mazaunin notinsu mai tsini ne kamar mazurari, shi kuma notin wilin alminiyam na Toyota gindinsa shimfiɗaɗɗe ne da wosha, in aka haɗa wannan da wancan wili ba zai taɓa zama daidai ba kuma yana iya kwancewa ana cikin tafiya, wannan ya wuce maganar rawa ya koma maganar rai. A ɗaure su da hannu tun taya tana sama, ana tsallake ɗaya ana ɗaure na gaba, a sauke sannan a ƙarasa. Toyota 103 Nm tace a ma'aunin ƙarfin ɗaurin noti, ba wai yaro ya sa bututu a sifana ya hau yana tsalle ba. Bayan ka yi tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a sake taɓa su.

Shi kansa balansin ɗin akwai magana. Siririyar taya tana iya haƙuri da dalma, wato ɗan nauyin da ake mannawa a wili wajen balansin, a layi ɗaya, faffaɗa kuwa sai an sa a layi biyu, ciki da waje, in ba haka ba sai ta riƙa lilo hagu da dama, shi ne kake ji a sitiyari. Masu wilin gayu basa son ganin dalma ta waje sai mai injin ya manna ta ciki kawai ya sallame su. Kace masa layi biyu kake so, ta wajen a manna ta a bayan ƙafafun wilin inda ba a gani. A ɓamɓare tsohuwar dalma duka, a wanke laka a cikin wilin musamman da damina, a tabbata ba ruwa a cikin tayar don wasu kwamfuresa ruwa suke turawa tare da iska. In injin ya nemi dalma mai yawa a wuri ɗaya a sace iskar a juya tayar rabin zagaye a kan wilin a sake gwadawa.

Lokacin da take juyawa a injin ka tsuguna ka zuba ma bakin wilin da bayan tayar ido. In tana hawa da sauka to ko wilin ya lanƙwashe ko wayar cikin tayar ta saki, kuma dalma bata gyara ko ɗaya a ciki. Gefen tsohuwar tayarka tsayinsa wajen milimita 127 ne, na wannan 97, rami ɗaya mai kyau a hanyar Kumo ya isa ya lanƙwasa wilin ta ciki inda ba ka gani. Ka shafa bayan tayar da tafin hannu ka ji ko akwai kumburi. Ka karanta lambobi huɗun ƙarshe bayan DOT a gefenta, 2318 na nufin sati na 23 a shekarar 2018. Ƴan Road Safety shekara 4 suke ba taya, ƴar Beljiyam kuwa sau da yawa ta gama shekarunta kafin ta iso, zane mai kyau ba shi ne lafiya ba. Mai kumburi a cire ta ranar, ba a tafiya da ita a zafin Gombe.

In ka mayar da tsofaffin wilin rawar bata tafi ba, sannan ne za a waiwayi ƙafa. In sai ka taka birki take yi faifan birki ne. In sai ka taka totur take yi kana saki ta daina, shaf ne ta wajen giyabos. A girgiza taya a sama a ji boris da boljoyin.

TAMBAYA: Malam ni tawa Mercedes 190 ce tsohuwa, an sauke giyabos an gyara, tun daga nan a 80 nake jin wani gurnani a ƙasan kujera amma sitiyari shiru. Tayoyin baya faffaɗa ne, ko su ne? Daga Bolari.

AMSA: Ɗan uwa tayoyin nan suna jiki tun kafin gyaran kuma bata yi ba, saboda haka ni furofela nake zargi, wato dogon ƙarfen da ke kai juyi daga giyabos zuwa tayoyin baya. Ita tana juyawa ninki uku zuwa huɗu na taya shi yasa tata rawar gurnani ce a ƙasan kujera, ba jijjiga ba. Furofelar 190 gida biyu ce kuma a haɗe kamfani ya yi mata balansin, in wanda ya raba ta bai sa alama ba ya mayar yadda ya ga dama to abin da kake ji kenan. A nemi alamar da ke jikin gidajen biyu a daidaita, a duba robar nan mai kamar faifai ta gaba da ta baya ko ta tsage, da boris ɗin tsakiya da mawuntin ɗin giyabos. Masu haɗa tsofaffin motoci da manyan injina a Amurka, waɗanda suke kira hot rod, da wannan suke yawan fama, sai ka ga suna auna kusurwar giyabos da ta difiranshal da ma'auni don su zo ɗaya. Kai ma in mawuntin ya zauna kusurwar ta canja, a fara da shi tunda ya fi araha.