Amsa ga 'yar'uwar da aka kashe wa gwaggo

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. 'Yar'uwa, Allah ya jiƙan gwaggonki. Kin ce mata uku ke nan aka tsinci gawarsu a bayan garinku can ƙasar Daura cikin shekara biyu, bazawara mai sai da itace, da wata mai taɓin hankali, sai ita gwaggo, har yau ba a kama kowa ba, kina tambayar ina za ku dosa. Mu ma an yi mana, yayata ce, shi ya sa na kasa wucewa.

Irin wannan magana tun ranar farko take mutuwa. A tsinci gawa da hantsi, jama'a su yi dafifi su tattake sawun da ke wurin, kafin azahar an yi wanka an sallace an rufe. Gaggauta sutura gaskiya ne, amma awa biyun da likita zai duba ya rubuta ba sa hana jana'iza. Har yau in na tuna dattijon da ya ce mana "ku bar wa Allah, ban da tone-tone," ya sa aka ƙone zanen jikin yayata a bayan danga, sai zuciyata ta tafasa. Zanen nan da jini da komai a jiki. Da ɗiyar mai hali ce wallahi ba zai iya buɗa baki ba. Yana nan yana shan gaisuwa, mu kuma ya ƙone mana shaida.

Tunda an riga an rufe gwaggonki, ki nemi matan da suka yi mata wanka. Su suka ga wuya, su suka ga farce da duk wani tabo. Ki zauna da kowacce ita kaɗai, kar ki haɗa su, don ɗaya za ta ɗauki bakin ɗaya. A rubuta da kwanan wata. In akwai sauran kayan jikinta, a shanya a inuwa a sa a kwali ko takarda, ban da leda, leda gumi take yi ta ruɓar da jinin. In wayarta ta ɓace, a duba kwalin wayar, akwai lambar IMEI, wato lambar shaidar waya, mai lamba 15. Da ita da lambar layin 'yan sanda ke neman bayanan kira wajen kamfani, kuma ba abin jinkiri ba ne.

Kisan kai ba a barinsa hannun DPO. Fayil ɗin tafiya yake zuwa CID na jiha a Katsina, wato masu binciken manyan laifuka, sashen kisan kai. Ku tambayi sunan ɗan sandan da ke bincike, ku tambaya ko an tura. Maganar baki ba ta zama, ana canja wa mutum wurin aiki shi ke nan an koma farko. Ku rubuta koke ga Kwamishinan 'Yan Sanda, kwafi biyu, a buga maku hatimi a ɗaya ku riƙe. Kuma don Allah ku haɗa matan ukun a takarda guda: ranar kowacce, wuri, lokacin da aka mata ganin ƙarshe, yadda aka same ta. In kun kai su ɗaya-ɗaya, tsautsayi za a ce. Ku ba hakimi kwafi ta hannun dagaci, ku kai wani kwafin ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam da ke Katsina, ku nemi lauyoyin FIDA, wato ƙungiyar mata lauyoyi. In shiru ya yi yawa akwai ofishin AIG, wato Mataimakin Sufeto Janar na 'yan sanda, na shiyya ta 14, shi ma yana Katsina.

Kar ku yarda a rufe maku baki da "'yan bindiga ne" ko "'yan shan jini ne". Wa ya san ita kaɗai take fita itace da sassafe? Wa take bi bashi? Akwai rigimar gona ko gado? Tambayoyin ke nan da mutanen gari ba su so, don amsar ba nesa take ba.

Ko kina zargin wani, kar ki sa sunansa a Facebook, kar kuma a bar 'yan banga su jibge shi. Ikirarin da aka samu da duka kotu watsi take da shi, ya fito yana maku dariya. In an kama, majistare tsarewa kawai zai yi, shari'ar ta Babbar Kotu ce, sai Ma'aikatar Shari'a ta ba da shawara, kuma nan fayil ke yin barci in ba mai bibiya. Ku ware mutum ɗaya a dangi mai zuwa duk wata, ku yi karo-karon kuɗin motar shaidu tun yanzu, don rashin kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana tsohuwa zuwa kotu.

Ita mai taɓin hankalin nan, tana da dangi kuwa? In babu, ku sa hannu a madadinta. Sauran matan kuma su riƙa fita itace uku-uku, rana ta ɗaga tukuna.