Ginin na tauraro ne, amma da wa kika ƙulla hayar?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan ina hayar shago a wani katafaren rukunin shaguna da ake cewa na wani fitaccen mawaƙi ne. Da za mu shiga an ce mana zai riƙa shirya taruka a wurin, jama'a su cika. Ranar buɗewa kaɗai muka gan shi. Yanzu kusan rabin shagunan babu kowa, an ninka mana kuɗin hidima, lif ya yi wata huɗu a lalace. Wasu sun ce mu daina biyan haya mu fallasa shi a intanet, manaja kuma ya ce duk wanda bai biya ba zai sa wa shagonsa kwaɗo. Ina mafita?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Abin da ciwo, ki zuba jarinki a wuri saboda sunan mutum, ki wayi gari kina kallon ƙofofi a rufe. Amma kada ɓacin rai ya sa ki miƙa musu sandar da za su doke ki da ita.

Ɗauko yarjejeniyar hayar, ki duba inda aka rubuta sunan mai ba da haya. Da wuya ki ga sunan mawaƙin. Yawanci sunan kamfani ne, wani lokacin ma kamfanin da aka kafa don wannan gini kaɗai. A idon doka kamfani daban ne, mai shi daban. Tun a 1896 kotun ƙolin Birtaniya ta lokacin ta tabbatar da haka a shari'ar Salomon, wani mai sana'ar takalma da kusan duk hannun jarin kamfaninsa nasa ne, kuma ƙasashe da dama da suka gaji dokar Ingila a kan haka suke har yau. Tauraron na iya zama mai ƙaramin kaso, ko kuma sunansa kawai ya ba da aro ana biyansa. Binciken rajistar kamfanoni zai nuna miki daraktoci, kuma kamfanin da ke kan takarda shi za ki aika wa ƙorafi, shi za ki kai ƙara.

Batun alkawarin taruka shi ne mafi rauni a hannunki. Yawancin irin waɗannan yarjejeniyoyi suna da sakin layi da ke cewa abin da aka rubuta shi ne dukan abin da aka amince, maganar baki ba ta shiga. Idan kina da takardar talla ko saƙon wakilinsu da ya fayyace alkawarin, ki adana, lauya zai duba ko ya kai matsayin yaudara. Sai dai kotu tana bambanta ƙarya a kan abin da ke akwai da fatan abin da zai faru, kuma "wurin zai cika" ya fi kama da fata.

Inda nake so ki zuba ƙarfinki shi ne kuɗin hidima. Wannan kuɗi ba riba ba ne ga mai gini. Na gadi ne, da shara, da wutar harabar, da gyaran lif, ana raba shi bisa faɗin shagon kowa. A ce shagonki murabba'in mita 40 ne, dukan shagunan kuma 2,000. Kasonki kashi 2 cikin ɗari ke nan. To idan shaguna suka zama kango, manaja ya koma rabawa a kan mita 1,200 da ke da masu haya, kasonki ya haura kashi 3 ba tare da an ƙara ko mai gadi ɗaya ba. Na sha ganin wannan, kuma a ganina zalunci ne, domin a ƙa'idar da ƙwararrun harkar gine-gine suke bi, kason shagon da babu kowa yana wuyan mai gini. Ki duba yadda taku yarjejeniyar ta fassara kason, kalma bayan kalma. Sannan ki nemi lissafin shekara a rubuce, da rasitai. Ki sa ido a kan kuɗin talla, kada a ce bikin da ya ɗaga sunan tauraron ku kuka biya, da kuma kuɗin sabon gini da aka saka a rigar gyara. Lif ɗin da ya tsaya wata huɗu alhali ana karɓar kuɗin kula da shi hujja ce babba: ki ɗauki hoto da kwanan wata, ki ajiye kwafin duk wasiƙar da kika aika.

Kada ki daina biyan haya. A yarjejeniyoyin kasuwanci da yawa wajibin biyan haya a tsaye yake shi kaɗai, ko mai gini ya gaza nasa, har akan rubuta cewa ba a yarda ɗan haya ya cire komai daga ciki ba. Ranar da kika ƙi biya, kin tashi daga mai ƙorafi kin koma wadda ake bi bashi. Ki biya, ki haɗa da wasiƙa cewa kin biya ne ba don kin amince da ƙarin ba, kuma kina nan a kan haƙƙinki na neman a mayar miki da rarar.

Maganar kwaɗo ta danganta da dokar inda kike. A Ingila, misali, mai ginin kasuwanci na iya sauya makulli saboda bashin haya ba tare da zuwa kotu ba, in yarjejeniya ta ba shi dama. A wasu ƙasashen kuwa sai da takardar gargaɗi da umarnin kotu, wanda ya rufe shago da kansa shi zai biya diyya. Ki tambayi lauya wannan tun yau, kafin a zo ga kwaɗon.

Fallasa a intanet kuwa, ban ba ki shawara ba. In kika kira shi macuci alhali sunansa ba ya kan takarda, kin buɗe ƙofar ƙarar ɓata suna, ga masoyansa da za su yi miki ca. Sunan nasa ya fi yi muku amfani a wasiƙa mai ladabi zuwa ga wakilansa, domin wanda suna ne jarinsa ba ya son a ji ana rikici a ƙarƙashinsa.

Ku haɗa kai ku masu haya, ku ɗauki lauya ɗaya, ku duba ko yarjejeniyar ta wajabta zaman sulhu kafin kotu. Gini mai rabin shaguna a rufe ba ya son rasa sauran, don haka kuna da bakin magana. A teburin ku nemi a sa wa kuɗin hidima iyaka, a ɗora wani ɓangare na hayar a kan cinikin da kuka yi har wurin ya farfaɗo, a kuma rubuta cewa in shagunan da ke buɗe suka gaza wani adadi, kowa na da damar fita ba tare da tara ba, a mayar masa da kuɗin ajiyarsa.