Amsa ga ƙaninmu da ya makale a 1.88

Ƙanena, ka ce shekarunka 20, tun bara a tsallen sama sanda ta ƙi wuce maka mita 1.88, gwiwar hagu na zogi in kana sauka daga bene, sannan ka kalli bidiyon Jan Stefela ɗan ƙasar Czech yana haye mita 2.31 a gasar duniya a Tokyo sai ka ji kamar ka jefar da sifayik, takalmin nan mai ƙusa, ka koma shago, kana tambaya ko ka haƙura. Wallahi da na karanta sai da na ajiye waya, don wannan zogin na ƙasan ƙoƙon gwiwa na san shi, har yau in hunturu ya shigo sai ya gaishe ni.

Tunda Stefela ne ya tayar maka da hankali to mu duba shi da kyau. An haife shi 2001. Ya ci zinaren Turai na 'yan ƙasa da 23 a Tallinn a 2021, daga nan fa sai aka ɗan daina jin ɗuriyarsa a wajen raba lambobi, ya je Olamfik ta Paris a 2024 ya shiga zagayen ƙarshe ya dawo hannu rabbana. Sai 2025 abin ya buɗe, azurfa a gasar Turai ta cikin ɗaki a Apeldoorn bayan Doroshchuk na Yukren, sannan tagulla a gasar duniya a Tokyo, Hamish Kerr 2.36, Woo ɗan Koriya 2.34, shi 2.31. Shekara huɗu kenan tsakanin Tallinn da Tokyo, kai kuma shekara ɗaya ta sa kana maganar shago. Kuma wa ke tsaye masa a gefen fili? Kocinsa Jaroslav Bába, wanda ya ci tagulla a Olamfik ta Athens 2004 da 2.34 yana ɗan 19. Mutumin da ya san ranar da za a ce wa yaro yau kada ka yi tsalle, je ka huta.

Ni irin wannan ne ban samu ba. Kocinmu, ba zan kama suna ba, wasu a gurup ɗin nan sun san shi, shi a wajensa tirenin shi ne a ɗaga sanda kullum ka yi ta haurawa har magariba. Katifun kwana ne tsofaffi aka jera mana aka ɗaure da igiya, in ka faɗa tsakiya sai ka ji ƙasa a bayanka. Ana saura kwanaki a zaɓi masu wakiltar jiha na ce masa Koc gwiwata fa ta kumbura, ya latsa da babban yatsa na yi ƙara, ya ce raki ne, ya sa aka yi min allurar kashe zafi. Ranar zaɓen na haye tsayin farko lafiya, a na gaba ina dasa ƙafar tashi na ji ƙas, ban ma bar ƙasa ba, na shige ƙarƙashin sanda na kife. Abin da ya fi ci min rai ba ciwon ba ne, ina kwance ina riƙe da ƙafa ina jin muryarsa yana cewa a janye shi a mayar da sanda lokaci na tafiya. Janye ni aka yi kuwa, wasu 'yan gudu biyu suka kama ni. Bai zo ɗaki ya duba ni ba, bai kira babana ba, kuɗin alawus ɗin kam har yau ana sa hannu. Mahaifiyata ce ta sayar da tunkiyarta aka yi hoto. Bayan shekaru na haɗu da shi a wajen ɗaurin aure ya miƙo min hannu yana cewa ai da ka daure da ka yi nisa. Allah ya isa kawai na ce a raina.

To don Allah ka daina tsalle yanzu, ka nemi likitan ƙashi ko fisiyo ya duba jijiyar nan, kada ka yarda da allura don ka shiga wata gasa, kuma kada ka kai wa mai ɗori, ba karaya ba ce. In an ba ka izini ka koma da motsa jiki na ƙarfafa cinya a hankali, cikakken tsalle sau ɗaya ko biyu a sati ya isa. Sau da yawa ma makalewa ba daga tsallen take ba, daga gudun shiga ne, wato gudun da ake yi kafin a tashi, yaro ya zo lanƙwasa sai ya rage gudu ya miƙe jiki maimakon ya kwanta ciki, ko ya tashi dab da sanda. Ka sa tef ka auna inda kake farawa, ka daina ƙiyasi da ido.

Kuma kada ka manta su can Czech suna da ɗakunan tirenin na lokacin sanyi, akwai wani ƙaramin gari Hustopeče da ake shirya gasar tsallen sama zalla, da kiɗa, jama'a cike. Mu nan sifayik na tsalle mai ƙusa a dunduniya ma sai gwanjo, in ka samu sayiz ɗinka ka yi sadaka. Cin gasar yara ma ba ya ba da tabbas, Michaela Hrubá tasu ta ci zinaren duniya na matasa a 2015 da 2016 amma a na manya ba ta hau mumbari ba.

Ka turo bidiyon gudun shigarka in gani, a ɗauka daga bayanka ba daga gefen katifa ba, tsoho ma ya isa, kada ka je ka yi sabo da wannan gwiwar. Sannan ka faɗa min ko kocinka ya san tana ciwo, da abin da ya ce.