Likita Ya Amsa: Birkin Bakin Bindiga, Ƙarar Harbi da Lafiyar Kunne

Tambayoyi huɗu na zaɓo wannan makon, dukansu a kan ƙarar bindiga da abin da take yi wa kunne.

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita. Ina zaune a Amurka, kuma duk watan Nuwamba nakan bi abokan aikina farautar barewa a arewacin jihar Minnesota, da lasisina. Bindigata .300 Winchester Magnum ce, naushin da take yi mini a kafaɗa ya ishe ni. Maƙerin bindiga ya ce zai ɗaura mini birki a bakinta, amma wani aboki ya ce abin zai kurumtar da ni. Wa zan bi?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Maƙerin bai yi ƙarya ba, abokinka ma haka. Birkin nan guntun ƙarfe ne mai huda a gefe da gefe, ana murɗa shi a bakin bindiga. Idan aka harba, maimakon iskar albarushi ta bi harsashi ta fice gaba, sai hudojin su watsa ta gefe da ɗan baya. Shi ya sa naushin yake raguwa sosai. To amma ƙarar tana tafe ne cikin wannan iskar, don haka abin da aka ɗauke wa kafaɗa kunne aka ɗora wa.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hirar yau da kullum tana wajen 60. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta ce kada mutum ya wuce awa 8 cikin ƙarar da ta kai 85, kuma kada ƙarar farat ɗaya ta haura 140. Ƙaramar bindiga .22 ma tana kaiwa wajen 140 ɗin. Irin taka tana haura 160 tun ba a sa mata komai ba, birki kuma yana iya ƙara desibel 5 zuwa 10 a kunnen mai harbi. Kada lambar ta yi maka kaɗan a ido: ƙarin desibel 3 ninki biyu ne na ƙarfin sauti, ƙarin 10 kuwa ninki goma ne.

A can cikin kunne akwai wani sashe mai naɗin katantanwa, ɗauke da ƙwayoyin ji masu gashi kimanin 15,000. Su ne suke mayar da sauti saƙon da ƙwaƙwalwa take ganewa. Ƙara tana kwantar da su kamar yadda iskar hadari take kwantar da shukar gero: wanda ya ranƙwafa yakan miƙe bayan kwana ɗaya ko biyu, wanda ya karye ya tafi. Jikin ɗan Adam ba ya tsiro da wasu, kuma har yau babu allura ko tiyatar da take dawo da su. Harbi ɗaya da babbar bindiga mai birki, kunne a buɗe, ya isa ya yi ɓarnar da ba ta gyaruwa.

Idan ka ƙudurta sai ka sa, to ka ɗauki alkawarin ba za ka taɓa jan kunamar bindigar nan kunnenka a buɗe ba, ko a filin gwaji ko a daji. A filin gwaji ka haɗa kariya biyu: sosan toshe kunne a ciki, marufin kunne irin na ma'aikatan filin jirgi a kai. Lambar NRR da ke jikin kwali, wato ma'aunin yawan desibel ɗin da kariyar take ragewa, takan kai 33 a soso mai kyau, amma haɗa biyun ba ya nufin a tara lambobinsu. Abin da ake ƙaruwa da shi wajen desibel 5 ne a kan mafi girman. A daji kuma akwai marufi mai batir, wanda yake ƙara maka jin motsin ganye amma ya datse ƙarar harbi.

Ka tuna da na kusa da kai. Wanda ya tsaya a gefenka ya fi ka shan ƙarar, domin hudojin shi suke kallo, kuma shi bai san lokacin da za ka harba ba. Ni a ganina, barewa ba ta buƙatar harsashi mai wannan girman. Da ka fara gwada matashin roba mai kauri a gindin bindigar, ko ka koma .308 wadda naushinta bai kai wannan ba. Ciwon kafaɗa na kwana uku ne, kurumta kuwa da ita za ka tsufa.

TAMBAYA: Likita, mahaifinmu maharbi ne a ƙasar Ningi, ya fi shekara talatin yana harbi da bindigar toka. Yanzu kunnensa na hagu ya yi nauyi, yana cewa muna cinye magana, kuma da dare yana jin kukan gyare a kunnen. Abin mamaki, a kafaɗar dama yake ɗora bindiga. Yana cusa auduga in zai fita. Me za mu yi masa?

AMSA: Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma ya saka miki da kula da shi. Hagun nan ba abin mamaki ba ne a wajenmu, shi ne ma alamar da muke gane maharbi da ita. Mai harbi da dama yakan kwantar da kuncinsa na dama a kan kotar bindiga, sai kunnen dama ya fake tsakanin kai da kafaɗa, na hagu kuma ya fuskanci bakin bindiga. Bahago kuwa na damansa ne yake fara mutuwa.

Kuma gaskiyarsa ce da ya ce kuna cinye magana. Ƙara takan fara lalata jin siraran sautuka, musamman wajen lamba 4,000 a ma'aunin sirantar sauti na gwajin ji, inda haruffa irin su s, sh, f da ts suke. Yana jin muryarku, amma kalmomin suna zo masa a gutsure, abin ya fi tsanani a kasuwa ko wajen ɗaurin aure. Ɗaga murya ba ya taimaka masa sosai. Ku fuskance shi, ku kashe rediyo, ku yi magana a tsanake.

Auduga ba ta tare ƙarar bindiga, sai dai ta sa mutum ya zaci ya kare kansa. Ku nema masa sosan toshe kunne a shagunan kayan ma'aikatan gini da masana'antu, ba shi da tsada. Sai dai a iya sa shi: a mulmula sosan tsakanin yatsu masu tsabta har ya zama siriri, a zagayo da ɗaya hannun ta saman kai a ja kunnen sama da baya, a tura shi ciki, a danne da yatsa na kamar rabin minti har ya kumbura ya cika ramin. Idan mutum ya kalli madubi ya hango sosan ya yo waje sosai, bai shiga ba. Na san maharbi da kunne yake farauta, zai ce in ya toshe ba zai ji nama ba. To ya rataya sosan a wuya da zare, ya sa in ya kai wajen kwanto. In ma ɗaya kawai zai yarda ya sa, ya sa a hagu.

Ku kai shi gwajin ji. Akwai sashen kunne, hanci da maƙogwaro a asibitocin koyarwa, kamar na Aminu Kano da na Shika, ga kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Za a fara duba ko dattin kunne ne ya ƙara toshe shi, sannan a ga ko na'urar ƙara ji za ta amfane shi. Takan rage kukan gyaren ma. Duk inda za a yi masa allura, ku faɗa cewa yana da matsalar ji, domin alluran kashe ƙwayoyin cuta irin su jentamaisin da sitireftomaisin suna iya ƙarasa abin da ya rage.

TAMBAYA: Ranar hawan Sallah na tsaya dab da 'yan bindiga, ɗaya ya harba kusa da kaina. Kunnena ya fitar da ɗan jini, yau kwana huɗu ba na ji da shi sosai. Kakata ta ɗiga mini man zaitun.

AMSA: Yarona, ka je asibiti yau, kada ka jira ka ga abin da hali zai yi. Jinin nan yana nuna watakila dodon kunne ya huje. Wannan da sauƙi, yawancinsa yakan haɗe da kansa cikin 'yan makonni zuwa wata biyu ko uku, muddin an bar shi a bushe. A ba Kaka haƙuri a daina ɗiga man, kada kuma ka karɓi maganin ɗigawa a kemis, wasunsu suna cutar da cikin kunne idan akwai huda. Kada ka sa tsinke, kada ka yi iyo. Wajen wanka ka shafa wa auduga basilin ka rufe bakin kunnen. A nan ne auduga take da amfani.

Abin da ya sa nake gaggauta ka shi ne, ban da hudar, ƙarar tana iya taɓa ƙwayoyin ji na ciki. Idan gwaji ya nuna haka, likita yakan ba da magani irin su firedinisolon, wanda ya fi aiki a kwanakin farko; bayan mako biyu amfaninsa yana raguwa sosai. Idan da jiri, ko mugunya, ko zazzaɓi, ka faɗa masa tun daga bakin ƙofa.

TAMBAYA: Ɗana ɗan shekara 12 yana bin kawunsa harbin zabi. Shi ba ya harbi, riƙon jaka kawai yake yi. Akwai damuwa?

AMSA: Akwai, Hajiya. Kunne bai san wanda ya ja kunama ba, kusanci kawai ya sani. Ki saya masa marufin kunne daidai kansa, domin sosan manya ba ya zama da kyau a ramin kunnen yaro, kuma ki roƙi kawunsa ya riƙa tsayar da shi a bayansa da 'yar tazara, ba a gefe ba. Idan ya dawo yana cewa kunnensa na ƙara ko ya toshe, ƙarar ta yi masa yawa ke nan. In abin ya kwana bai washe ba, ki kai shi a gwada jinsa.