'Yan tsaki na haki, magani bai kama su ba: amsa ga masu kiwon kaji

Wani mai kiwo daga Zariya ya aiko da tambaya cewa 'yan tsakinsa 'yan kwana goma suna miƙa wuya suna buɗe baki, babu tari babu majina. Ya ba su maganin kashe ƙwayoyin cuta har kala biyu, amma kullum sai ya kwashe matattu.

Malam, ka feɗe ɗaya daga cikin matattun ka duba huhu da jakunkunan iska da ke gefensa. Idan ka ga ƙananan ƙulli farare ko masu ruwan ɗorawa, girman ƙwayar gero, to fumfuna ce mai suna Aspergillus fumigatus ta shiga huhunsu. Maganin da ka bayar na bakteriya ne, ba ya taɓa fumfuna. Kaza ba ta shafa wa 'yar'uwarta wannan cuta, daga shimfiɗar ƙasan ɗakinsu ko abinci ko injin ƙyanƙyasa suke shaƙar ta.

Kaji masu lafiya ma suna shaƙar ƙurar irin fumfunar nan (wato ƙwayoyin da take tsirowa daga gare su) kullum, domin girmanta bai wuce maikuron 2 zuwa 3 ba (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Abin da ke hana ta yin ɓarna shi ne saƙon da garkuwar jiki ke aikawa. Akwai fararen ƙwayoyin jini masu haɗiye baƙo, ana ce musu makurofej. Da irin ya fara kumbura a cikin danshin huhu, sai su gane shi, su saki sinadaran kira da ake ce wa saitokin. Wannan kiran ne ke janyo wasu fararen ƙwayoyin, heterofil, daga jijiyoyin jini zuwa wurin, ya kuma ƙara musu kaifin kisa. Gaggawa ake bukata a nan, don idan irin ya tsiro ya zama zare, ya fi ƙarfin haɗiya, sai dai a taru a kansa. Hanyar numfashin tsuntsu kuwa ba ta da masu tsaro da yawa a zaune, ta dogara ne ga wannan kira, kuma a jikin ɗan tsako da bai kai mako uku ba tsarin bai gama nuna ba.

Saboda haka aiki biyu ne a gabanka: ka rage ƙurar, ka kuma cire abin da ke toshe kiran. Ka mayar da tsakin wani ɗaki kafin ka kwashe shimfiɗar, domin motsa ta a kansu na tayar da ƙura. Ka zuba busasshen buntun shinkafa ko diddigar katako wadda ba ta taɓa jiƙewa ba. Wadda ruwan sama ya doka ta bushe tana nan da irin fumfunar, kada ka yarda da ita ko kyauta ce. Ka ɗaga mazubin ruwa, ka buɗe labule iska ta ratsa. Idan warin kashi ya sa idonka yaji, iskar amoniya ta yi yawa, kuma tana lalata ƙananan gashin maƙogwaro masu share ƙura. Waɗanda suka jigata da haki ka fitar da su, da wuya su tashi.

Wata Hajiya daga Maraɗi ta tambaya ko bitamin zai ƙara musu garkuwa. Hajiya, yana taimakawa kaɗan, amma ki fara duba buhun abinci. Masara da tunkuzar gyaɗa masu fumfuna na ɗauke da dafin afilatoksin, wanda ke rage wa makurofej ƙarfin haɗiya da na aika saƙo. A busar da masara danshinta ya sauka zuwa kashi 13 cikin ɗari, a jera buhuna a kan katako nesa da bango. Kada a tsallake rigakafin cutar Gumboro, kada a cunkusa su cikin zafi, duka biyun suna karya garkuwa.

Shi kansa mai kiwon ya sa takunkumi ya yayyafa ruwa kafin shara. Wanda ya taɓa yin tarin fuka, ko yake shan magunguna masu rage garkuwar jiki irin su dexamethasone na dogon lokaci, ya bar wa wani kwasar shimfiɗa da sharar rumbu, domin fumfunar nan tana iya zama a ramukan da tarin fuka ya bari a huhu. Idan tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa bayan an gama maganin tarin fuka, musamman da jini, a gaya wa likita irin aikin da ake yi.