Tambaya da Amsa: Wane wata ya fi dacewa da yawon buɗe ido a Aislan?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maiɗakina muna da hutun kwana goma, muna so mu je tsibirin Aislan. Burinmu mu ga hasken nan mai launuka da ke bayyana a sararin sama da dare, mu ga tsuntsayen fafin, tsuntsayen teku masu baki mai launuka, mu kuma ɗauki hayar mota mu zagaye ƙasar. Wane wata za mu zaɓa, me kuma ya kamata mu yi in mun je? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Da wuya abubuwa ukun nan su haɗu a tafiya ɗaya, domin a Aislan tsawon yini ne ke yanke abin da baƙo zai iya gani. A Reykjavik, babban birnin ƙasar, ranar 21 ga Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen sha biyun dare, kafin ƙarfe uku kuma ta sake fitowa, yinin ya kai awa 21. A ƙarshen Disamba kuwa sai bayan sha ɗaya na safe take fitowa, ƙarfe uku da rabi ta faɗi. Hasken arewa da kuke son gani yana buƙatar duhu sosai, don haka lokacinsa daga Satumba ne zuwa farkon Afrilu. Su kuma tsuntsayen fafin a teku suke rayuwa, ƙwai kawai ke kawo su gaɓa daga wajen Mayu, zuwa tsakiyar Agusta sun fara komawa. Dole ɗaya ya jira wata tafiyar.

Shawararmu ga wanda bai taɓa zuwa ba, kuma hasken ne ya fi tsaya masa a rai: ku je a Satumba, musamman daga tsakiyar wata. A lokacin yini yana kai awa 12 zuwa 13, wanda ya isa tuƙi da kallo, dare kuma yana yin duhun gaske. Galibi dusar ƙanƙara ba ta rufe manyan hanyoyi ba tukuna, kuɗin masauki ya fara sauka, cunkoson Yuli ya ragu. A watan ne kuma manoma ke kora tumakinsu daga tsaunuka su tara su a manyan garake, kowa ya ware nasa da shaidar da ke kunne, abin da mai sha'awar kiwo zai ji daɗin gani. Aibin Satumba ruwa da iska, don haka ku bar kwana ɗaya babu shiri, ko da hadari ya rufe hanya.

Babu mai iya yi muku alkawarin ganin hasken. Sai abu uku sun haɗu: duhu, sararin da babu gajimare, da ƙarfin iskar da rana ke turowa duniya. Gajimare ne ya fi hana mutane gani. Hukumar yanayin ƙasar tana fitar da hasashe kullum a shafinta na vedur.is, da taswirar gajimare da ma'aunin ƙarfin hasken daga 0 zuwa 9. Ku fi kula da taswirar, domin ƙarfi 2 ko 3 a sarari fes ya fi 6 a ƙarƙashin hadari. Ku fita daga fitilun gari, ku guji daren da wata ya cika, ku jira daga tara na dare zuwa ɗaya. Sau da yawa ido yakan gan shi fari-fari kamar hayaƙi, kyamara ce ke fito da koren nan mai kauri da ake gani a hotuna.

Game da zagaye ƙasa, babbar hanya mai lamba 1 ta kai kimanin kilomita 1,300. Cikin kwana gomanku biyu za su tafi a jirgi, saura takwas, kuma wanda ya matse zagayen a cikinsu a Satumba yawancin hutunsa a bayan sitiyari zai ƙare. Gara ku tsaya a kudu. Kwana ɗaya na zagayen da ake kira Golden Circle: Thingvellir, inda aka kafa majalisar ƙasar a shekarar 930, maɓuɓɓugar Strokkur mai feso tafasasshen ruwa sama duk minti biyar zuwa goma, da magangarar ruwa ta Gullfoss. Daga nan ku bi gaɓar kudu ta Seljalandsfoss da Skogafoss, kowacce ruwanta na zubowa daga tsayin kusan mita 60, ku kwana a garin Vik. Sai tafkin Jokulsarlon, kimanin kilomita 380 daga Reykjavik, inda manyan guntayen ƙanƙara ke ɓallewa daga tsaunin ƙanƙara na Vatnajokull suna shawagi har teku. Ku ba wannan yankin dare biyu, don duhunsa ya dace da neman hasken.

Kusa da Vik akwai bakin tekun Reynisfjara mai baƙin yashi. An rasa rayuka a wurin, domin igiyar ruwa takan yi shiru na ɗan lokaci sannan wata babba ta taso ta wuce inda sauran suka tsaya, ta ja mutum. Kada ku juya wa tekun baya don ɗaukar hoto, ku kuma bi fitilar gargaɗin da ke mashigar wurin.

In kuwa fafin da zagayen ƙasa sun fi muku, to daga ƙarshen Yuni zuwa farkon Agusta ne. Jirgin ruwa na kai mutum tsibirin Heimaey cikin kusan minti 40 daga tashar Landeyjahofn, can ne tsuntsayen suka fi yawa, a Husavik da ke arewa kuma ake fita kallon manyan kifayen wel. Ku kama masauki da mota watanni kafin tafiya. Shiga kogon ƙanƙara mai shuɗi na Nuwamba ne zuwa Maris, kuma sai da ɗan jagora. Ba ma ba wanda bai saba tuƙi a kan ƙanƙara ba shawarar ɗaukar mota a lokacin.

Tuƙi a hannun dama ne kamar a Najeriya. Iyakar gudu kilomita 90 a kwalta, 80 a hanyar tsakuwa, fitila a kunne dare da rana. Akwai gadoji masu layi ɗaya, wanda ya fara isowa shi ke wucewa. Hanyoyin tsauni masu harafin F sai mota mai jan ƙafa huɗu, fita daga hanya a bi daji kuma laifi ne mai tara mai tsanani. Asarar da ta fi samun baƙi ita ce iska ta fizge ƙofar mota ta lanƙwasa ta, inshorar haya kuma sau da yawa ba ta biyan wannan. Ku faka gaban mota na fuskantar iska, ku riƙe ƙofa da hannu biyu. Ku ƙara inshorar tsakuwa da ta yashi da toka. Lambar neman agaji 112 ce. Tun 2021 duwatsu ke aman wuta lokaci-lokaci a yankin Reykjanes, har wurin wankan Blue Lagoon ya sha rufewa, don haka ku duba sanarwa kafin ku biya.

Kada sunan bazara ya ruɗe ku. Matsakaicin zafin Yuli a Reykjavik digiri 11 ne, wato sanyin asubahin tsakiyar hunturu a Kano, ga iska ga yayyafi. Ku sa kaya hawa uku: na ulu a jikin fata, rigar sanyi mai kauri, sannan rigar ruwa mai tare iska, da takalmin da ruwa ba ya shiga. Auduga in ta jiƙe tana riƙe sanyi. Lema ba ta da amfani, iska za ta karya ta.

Batun ibada ma yana ƙara wa Satumba daraja, domin lokutan salla suna kusa da abin da kuka saba. A Yuni shafaƙi ba ya gushewa, malamai kuma sun yi bayanin ƙaddara lokacin Isha da Asuba a irin waɗannan ƙasashe. Ku tambayi malaminku kafin tafiya, ko ku bi jadawalin masallatan Reykjavik. Wajen abinci kifi ne mafita, ga shi da yawa. Tsiren nan na cikin burodi da ake kira pylsa akwai naman alade a haɗinsa. A wuraren wankan ruwan zafi doka ce a yi wanka ba kaya kafin shiga, maza daban mata daban. Ku tambaya ko akwai keɓaɓɓen ɗaki kafin ku sayi tikiti.

Aislan tana cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, don haka bizar Shengen za ku nema, da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Ana iya miƙa takardu tun wata shida kafin tafiya, kada ku bari sai saura makonni. Babu jirgi kai tsaye daga Najeriya zuwa filin Keflavik, gara ku ya da zango a Amsterdam, Faris ko Frankfurt, inda bizar ɗaya ta wadatar, maimakon Landan da ke iya buƙatar bizar wucewa daban. Ku riƙe katin banki mai aiki a waje wanda kuka san lambar sirrinsa, domin yawancin gidajen mai a ƙauyuka da kati ake sha, kuma ba kullum ake samun ma'aikaci ba.